Yadda Ake Zaɓar wa Ɗalibin Saksofon Alto Sabon Bakin Busa

Duk wanda ya taɓa koyar da saksofon alto, wato matsakaicin saksofon da aka fi fara koyo da shi, ya san akwai ranar da ɗalibi zai zo ya ce masa, "Malam, amona ba ya fita kamar na wane," kuma kafin a rufe baki zai ƙara da cewa yana so a canza masa bakin busa. Bakin busa shi ne ɗan baƙin guntun nan da ake cusawa a ƙarshen wuyan saksofon, a ɗaura masa harshen kara a ƙasansa, wanda 'yan busa ke kira rid, sannan mai busa ya kama shi da leɓɓa da haƙoran sama. Tsawonsa bai kai tafin hannu ba, amma tun daga 1846 da Adolphe Sax ɗan ƙasar Beljiyam ya yi rajistar wannan abin busa a birnin Faris, masu busa sun tabbatar cewa a wannan ɗan guntu ake haifar amo, jikin ƙarfen kuwa aikinsa ya ɗauki amon ya tsara masa hawa da sauka. Saboda haka ɗalibin bai yi kuskure ba da ya zargi bakin busa. Inda ake yawan kuskurewa shi ne wajen lokacin canzawa da kuma girman abin da ake canzawa, domin ɗalibi yana bukatar matsawa ce ta taki ɗaya, kuma kasuwa ta fi tallata masa tsalle.

Mataki na farko shi ne a tabbatar cewa bakin busar ne ke da laifi. Malami ya karɓi saksofon ɗin ɗalibin, ya saka nasa bakin busar da ya saba da shi, ya sauka a hankali tun daga muryar G har zuwa Bb na ƙasa (da irin waɗannan haruffa ake kiran muryoyin kiɗa) da siririyar iska. Idan muryoyin ƙasa suna gardama ko suna karkarwa a hannun malamin ma, to akwai wata fata, cikin waɗanda ke toshe ramukan jikin saksofon, da ba ta rufe raminta da kyau, iska tana zurarewa, kuma wannan aikin mai gyara ne, babu bakin busar da zai magance shi komai tsadarsa. Bayan wannan a gwada sababbin rid uku ko huɗu daga kwali, domin rid ɗin da ya kwana wata biyu a bakin yaro ya riga ya mutu, amonsa zai fito a shaƙe ko da a kan wane baki aka ɗaura shi. Sai an kawar da waɗannan biyun ne za a duba bakin busar kansa a cikin haske, a ga ko tsininsa ya ɓantare, ko gefunansa biyu da rid ke kwanciya a kai sun sami tabo.

Daga nan sai a duba irin bakin da ɗalibin yake da shi, domin ɗalibai kashi biyu ne. Akwai wanda aka saya wa saksofon mai rahusa, ya zo da bakin busa na roba wanda babu suna ko lamba a jikinsa. Irin wannan ba sai an jira shi ya ƙware ba, a canza masa tun yau, kuma abin da ya fi dacewa da shi shi ne Yamaha 4C, wanda ba shi da tsada, ana yin sa bai-ɗaya ta yadda wannan ba ya bambanta da wancan sosai, kuma malamai a ƙasashe da dama da shi suke fara yara. Akwai kuma wanda ya riga ya fara da 4C, kamar masu saksofon Yamaha YAS-280 da ke zuwa da shi a cikin akwati. Wannan na biyun shi ne ake magana a kansa, kuma a ganina bai kamata a taɓa masa bakin busa ba sai ya yi shekara ɗaya ko biyu yana busa a kai a kai, yana iya riƙe murya ɗaya na tsawon numfashi ba tare da ta yi rawa ba, yana hawa daga Bb na ƙasa zuwa F na sama ba tare da cizo ba. Alamar da ta fi nuna lokaci ya yi ita ce ɗalibin ya fara jin bakin yana toshe masa idan ya tura iska da ƙarfi, ko kuma kunnensa ya fara neman wani amo da ya kasa samu duk da cewa kamun bakinsa daidai ne.

Mataki na biyu shi ne a fahimci abin da lambobin jikin bakin busa suke nufi, domin a nan ne mutane suka fi asarar kuɗi. Abu mafi muhimmanci shi ne ratar da ke tsakanin tsinin rid da tsinin bakin busa. Idan ratar ƙarama ce, rid ba ya yin tafiya mai nisa kafin ya rufe, busa tana zuwa da sauƙi, muryoyi suna tsayawa a inda aka ajiye su. Idan ratar ta yi faɗi, ana samun ƙarin ƙarfi da damar lanƙwasa murya, amma sai an biya da iska mai yawa da tsokar leɓe mai juriya, kuma daidaiton murya ya koma wuyan mai busa gaba ɗaya. Ratar Yamaha 4C ta alto milimita 1.60 ce. Ta Vandoren Optimum AL3 milimita 1.52 ce, ta Selmer S80 C* kuma 1.70, ta Meyer 5 kusan 1.80, ta Vandoren V16 A5 kuwa 1.88. Mai karatu zai ga cewa tsakanin mafi ƙanƙanta da mafi girma a cikin waɗannan ko rabin milimita ba a kai ba, amma leɓe yana jin wannan bambancin kamar yadda ƙafa ke jin tsakuwa a cikin takalmi. A kuma lura cewa kowane kamfani da irin ƙidayarsa: lamba 5 ta Yamaha ba ita ce lamba 5 ta Meyer ba, Selmer ma da haruffa yake aiki. Don haka a riƙa neman awon milimita ko na inci a jadawalin kamfanin, kada a dogara da lambar da aka buga a jiki.

Abu na biyu shi ne tsawon lanƙwasar da gefunan bakin suke yi, wato daga inda rid ya rabu da shimfiɗar da yake kwance a kai zuwa tsini. Ga ɗalibi matsakaiciya ta wadatar, kuma ba na ganin akwai bukatar a tsawaita magana a kanta. Abin da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne cikin bakin. Idan aka leƙa ta tagar da rid ke rufewa, za a ga rufin ciki wanda iska ke fara bugawa. Idan rufin nan ya matso kusa da rid, iska tana wucewa a matse da sauri, amo ya fito da kaifi da tsini, irin wanda ke ratsa ganguna da lasifika. Idan ya yi nisa da rid ya gangara a hankali, amo yana fitowa da taushi da kauri. Bayan rufin akwai kogon ciki, kuma shi ma girmansa da siffarsa suna da tasiri: babban kogo yana ba da faffaɗan amo mai zurfi, ƙarami yana tattara amon wuri ɗaya. Selmer S80 an san shi da kogo mai kusurwa huɗu, Meyer kuwa harafin M da ake gani a jikinsa yana nuna matsakaici ne.

Game da abin da aka ƙera bakin da shi, yawancin na ɗalibai da robar masana'anta ake zuba su, na matakin gaba kuma da taurarriyar roba da ake kira ebonait, sai kuma na ƙarfe. Mutane da yawa suna ɗauka cewa ƙarfe ne ke kawo kaifin amo, alhali siffar ciki ce ta fi yin wannan aikin, sai dai an saba ƙera na ƙarfe da matsattsen rufi shi ya sa aka haɗa su a zuciya. Ga ɗalibin alto ina ba da shawarar ebonait ba tare da wani kokwanto ba, domin kaurinsa a baki ya yi kusa da wanda ya saba, ba zai sake koyon kamun baki daga farko ba.

Mataki na uku shi ne a tambayi ɗalibin, a kuma tambayi kai, a ina zai riƙa busa. Wanda ke cikin ƙungiyar busa ta makaranta, ko yake shirin jarrabawar kiɗan gargajiyar Turai, ko yake raka mawaƙan coci a waƙoƙi masu natsuwa, yana bukatar amon da zai saje da na sauran, ya iya yin ƙasa ƙasa ba tare da ya yanke ba. A nan Selmer S80 C* ne aka fi sani, shekaru da dama malaman makarantun kiɗa suna tura ɗalibansu gare shi, kuma Vandoren AL3 yana gogayya da shi, musamman ga wanda yake son muryoyin ƙasa su fito a sauƙaƙe. Wanda kuma zuciyarsa ke wajen jaz, ko hailaif, ko afrobit, ko waƙoƙin yabo na zamani inda akwai ganguna da gita mai lantarki, zai fi jin daɗin Meyer 5M, ko Vandoren V16 A5, ko D'Addario Select Jazz D5M. Meyer yana da tarihi a wannan fage, domin da shi Cannonball Adderley da Phil Woods suka yi suna a alto. Idan ɗalibin yana taka rawa a ɓangarorin biyu kuma kuɗin baki ɗaya kawai ake da shi, ni Meyer 5M nake zaɓa, saboda da rid mai ɗan tauri yana iya natsuwa ya shiga cikin jama'a, da mai laushi kuma yana iya fitowa gaba.

A nan ne zan faɗi abin da na gani da idona, domin shi ya sa nake tsanantawa a kan wannan batu. Wani yaro da nake koyarwa, mai ƙwazo ƙwarai, ya ga bidiyon wani gwani yana busa da bakin ƙarfe mai walƙiya, ya matsa wa mahaifinsa har aka yi masa odar irinsa mai lamba 8. Ranar da ya kawo shi yana murna, ya busa muryoyi biyar na ga jijiyar wuyansa ta tashi, kafin minti goma leɓensa na ƙasa ya yi ja, shatin haƙoransa ya fito a ciki. Da ya ga ratar ta fi ƙarfinsa sai ya fara cije bakin don ya rage ta, cizon nan kuma ya tura duk muryoyinsa na sama suka haura inda ya kamata su tsaya. Wata uku muka yi muna warware wannan ɗabi'a bayan ya koma tsohon bakinsa. Gwanaye irin su David Sanborn, wanda aka san shi da bakin ƙarfe na Dukoff, sun kai ga irin wannan baki ne bayan shekaru masu yawa na busa kullum, kuma amon da ake ji a faifansu ya fi fitowa daga maƙogwaronsu da kunnensu. Ƙa'idar da nake bi ita ce kada ɗalibin da ya taso daga 1.60 ya wuce 1.90 a canjinsa na farko.

Mataki na huɗu shi ne daidaita rid da sabon bakin, kuma ana yin sa ne kafin gwaji, ba bayansa ba. Dokar a bayyane take: ƙaramar rata tana son rid mai tauri, babbar rata tana son mai laushi. Lambar rid tana hawa ne da taurinsa, don haka ɗalibin da ke busa rid mai lamba 2.5 a kan 4C zai iya ci gaba da 2.5 ko ya hau 3 a kan C* ko AL3, amma idan ya koma Meyer ko V16 ya fi kyau ya tsaya a 2.5, wani lokaci ma ya sauka zuwa 2 na 'yan makonni. Su ma lambobin rid ba ɗaya suke ba a tsakanin kamfanoni, domin Vandoren mai shuɗin kwali ya fi Rico mai kwali ruwan lemo tauri da kusan rabin lamba. A tanadi rid masu tauri iri biyu ko uku, waɗanda aka riga aka ɗan busa su kwana biyu, a tafi da su wurin gwaji, don kada a yanke wa baki mai kyau hukunci da rid ɗin da bai dace da shi ba.

Mataki na biyar shi ne gwajin kansa, kuma a nan Hausawa sun gama magana da suka ce zuwa da kai ya fi aike. Ko baki biyu masu suna ɗaya da lamba ɗaya suna iya bambanta, musamman waɗanda ake ƙarasa aikinsu da hannu. Idan babu kanti kusa da zai bari a gwada, a nemi aro daga malami ko manyan 'yan busa na coci ko na ƙungiyar busa ta gari, a wanke da sabulu da ruwan sanyi, a gwada. Ɗalibin ya zo da saksofon ɗinsa, da tsohon bakinsa, da waya mai manhajar auna daidaiton murya, kuma kada a ajiye masa fiye da baki uku a zama ɗaya, domin bayan na uku leɓe ya gaji, kunne ya rikice.

Ana farawa da tsohon bakin na minti biyar don kunne ya sami ma'auni. Sannan a ɗaura rid a kan sabon, tsininsa ya yi daidai da tsinin bakin har sai an ga wani siririn baƙin layi kamar gashi a samansa. A toshe ƙarshen bakin da tafin hannu, a zuƙe iskar ciki, a janye leɓɓa: idan rid ya manne na daƙiƙa ɗaya ko biyu sannan ya saki da ɗan ƙara, shimfiɗar ta zauna daidai, idan kuwa ya ƙi mannewa da rid biyu ko uku daban-daban, a ajiye wannan bakin gefe. Bayan haka a zura 'yar takarda tsakanin rid da bakin a hankali har inda ta tsaya da kanta, domin wurin nan ne leɓen ƙasa ya kamata ya zauna, kuma sau da yawa sabon baki yana bukatar a shigar da shi ciki fiye da yadda ɗalibin ya saba. A busa bakin shi kaɗai, ba tare da wuya ba: a salon gargajiyar Turai ana neman ya ba da A na piyano, masu jaz kuma sukan sauka ƙasa da haka kaɗan. Idan ya haura A, ɗalibin yana cizo. Idan aka haɗa shi da wuyan saksofon kawai, abin da ake sa ran ji shi ne kusan Ab na piyano.

Yanzu sai a haɗa kayan gaba ɗaya, a daidaita da F# na alto, wanda shi ne A na piyano mai awo 440 a manhajar. A lura da inda bakin ya tsaya a kan kok, wato laushin ɓawon da aka naɗe ƙarshen wuyan da shi. Idan sai an tura shi har ƙarshe, ko kuma yana reto a bakin gaɓa kafin murya ta daidaita, wannan bakin bai jitu da wannan saksofon ba. Daga nan ɗalibin ya busa Bb, B da C na ƙasa da mafi ƙarancin ƙarfin da zai iya, domin nan ne baki mai wahala yake tona kansa. Ya hau zuwa D, E da F na sama ya ga ko suna fita ba tare da ya matse muƙamuƙi ba. Ya busa kowace murya da takwararta ta sama yana duban manhajar, musamman D na tsakiya da ya saba haurawa da C# na tsakiya da ya saba faɗuwa a yawancin alto, a ga ko sabon bakin ya rage wannan matsala ko ya ƙara ta. Ya riƙe murya ɗaya ya taso da ita daga raɗa zuwa iyakar ƙarfinsa ya mayar. Ya gwada bugun harshe da sauri a murya ɗaya. A ƙarshe ya busa waƙar da ya haddace sosai, malamin ya koma ƙarshen ɗaki ya juya baya yana saurare ba tare da ya san wane baki ne a kai ba, kuma a ɗauki sautin a waya, domin abin da mai busa ke ji ta ƙashin kansa ya sha bamban da abin da ke isa kunnen jama'a. Idan amon baki ɗaya ya fi daɗi amma ɗalibin yana haki bayan minti goma, ɗaya kuma amonsa ya ɗan gaza amma yana busa shi cikin sakewa, a ɗauki na biyun, domin shi ne zai bar yaron ya yi atisaye na awa guda kullum.

Mataki na shida shi ne saye. Kuɗin Selmer ko Meyer ko Vandoren ya ninka na 4C sau da yawa, kuma saboda sunansu ya yi ƙarfi akwai jabunsu a kasuwannin intanet, har da kwali da tambari. Duk inda aka ga sabon C* a farashin da bai kai rabin na sauran dillalai ba, a bar shi. A nemi dillalin da zai yarda a mayar idan bai dace ba, kuma a liƙa 'yar robar kare haƙori a saman bakin kafin gwaji don kada a bar shati. Na hannu ma ba laifi ba ne, in dai tsininsa lafiya lau yake, gefunansa biyu kaurinsu ɗaya, shimfiɗar kuma ba ta da karce. A gwada zoben da ke ɗaure rid tun a wurin, domin ba kowane zobe ne ke kama kowane baki ba, kuma wanda ke zamewa idan ana murɗa bakin a kan kok zai riƙa gusar da rid. Ba sai an sayi zobe mai tsada ba, wanda ya riƙe rid daram ya isa. Idan sabon bakin ya matse a kan kok, a shafa man kok a murɗa a hankali, idan kuma ya yi sako-sako, a naɗa 'yar takarda na wucin gadi kafin mai gyara ya sake sabon kok.

Abin da ya rage shi ne makonnin farko. Ɗalibin ya ba sabon bakin aƙalla mako uku zuwa huɗu ba tare da yana komawa tsohon ba kullum, ya fara kowane atisaye da dogayen muryoyi na minti goma yana duban manhajar, ya sa alamar fensir a kan kok inda murya ta daidaita. Kada a canza masa nau'in rid da zobe a cikin wannan lokaci, don in wani abu ya sauya a san daga ina ya fito. Ga masu busa a Kano, Kaduna, Zariya ko Damagaram akwai ƙarin kula da yanayi ya wajabta. A lokacin zafi murya tana haurawa, sai an ɗan janyo bakin waje fiye da alamar fensir. A lokacin hunturu kuwa rid yana bushewa ya kantare cikin mintuna, ya ƙi kwanciya a kan shimfiɗa, sai yaro ya ɗauka sabon bakin ne ya lalace, alhali jiƙa rid ɗin a ruwa na minti biyu zuwa uku da ajiye shi a cikin gidansa bayan busa sun isa su magance abin. Ebonait ba ya shiri da ruwan zafi ko rana, suna mayar da shi ruwan ƙasa ko kore-kore har ya riƙa warin farar wuta, don haka a wanke shi da ruwan sanyi da sabulu mai laushi sau ɗaya a mako, kada a bar akwatin a cikin motar da ke tsaye a rana. Bayan kowace busa a cire rid, a goge cikin bakin da tattausan ƙyalle, a rufe shi da hularsa, domin faɗuwa ɗaya a kan siminti tana iya ɓantare tsinin. Tsohon 4C kuma a naɗe shi a ƙyalle a bar shi a aljihun akwatin, zai yi amfani ranar fareti a filin ƙura, ko ranar da ƙanen ɗalibin ya fara nasa karatun.